Sabon Injin Lez Ya Iso: Abin Da Za Ka Yi Kafin Yankan Farko

'Yan'uwa ɗalibai, musamman na sashen makanikal da sauran masu sha'awar aikin ƙarfe, darasinmu na wannan fitowa a kan injin sassaƙar ƙarfe ne, wanda muka fi sani da lez. Kusan kowa a cikinmu ya taɓa tsayawa gaban babban lez na wokshop ɗin makaranta, sai dai can akwai malamin wokshop a tsaye a kanka, kuma injin an riga an kafa shi an daidaita tun kafin ka samu gurbin karatu. Labari yana canzawa ran da kai da abokanka kuka haɗa kuɗi kuka sayo ƙaramin lez naku na kanku, ko don furojet na ajin ƙarshe, ko don ɗan shagon da kuke son buɗewa a garejin gida. A nan babu mai ce maka "dakata". In ka yi garaje, ko dai injin ya lalace a makon farko kuɗinku su bi ruwa, ko kuma ya taɓa lafiyarka, wanda shi ne mafi muni.

Misalin da za mu yi aiki da shi shi ne ƙaramin lez ɗin nan na kan tebur da ake ƙerawa a Chana, wanda ake kira 7x14. Kamfanin Sieg na birnin Shanghai yana cikin sanannun masu yin sa, wasu kamfanoni kuma suna sayar da irinsa da sunaye da fenti daban-daban. Yana iya juya abu mai faɗin milimita 180 a saman gadonsa, tsawon aiki kuma kimanin milimita 350. Nauyinsa wajen kilo 40 ne. Abin da za mu faɗa a kansa ya shafi manyan ma, domin tsarin lez bai canza sosai ba tun daga wanda Henry Maudslay ya ƙera a Landan wajen shekarar 1800: aiki yana juyawa, wuƙa tana tafiya a kan hanya madaidaiciya.

Mu fara sanin sunaye

A hagunka akwai kan injin, wato hedistok, inda mota da giya suke. A jikinsa aka ɗaura cok, mai haƙora uku da ke damƙe aikin. A damanka akwai telistok, wanda ke tallafe doguwar sanda ko ya riƙe bakin dirila. Dukkansu suna zaune a kan gado, wato dogon ƙarfen zubin nan mai hanyoyi masu sulɓi. Abin da ke zarya a tsakani shi ne kareji. A kansa akwai silaid mai shiga da fita, wato kuros-silaid, sai ƙaramin silaid na sama da ake iya karkatawa, sannan mariƙin wuƙa. Doguwar sanda mai zare da ke kwance a gaban gado ita ce lid-sukuru, ita ke jan kareji da kanta idan ana yanka zare. Ka riƙe waɗannan, don da su za mu yi ta magana.

Rana ta farko: wanki da kafawa

Kada ka sa wa injin wuta ranar da ya iso. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi, amma ka daure.

Za ka tarar an shafe shi da wani giris mai danƙo. Wannan ba man aiki ba ne, an sa shi ne don kada tsatsa ta kama shi a cikin jirgin ruwa. Sau da yawa kuma akwai ragowar yashin zubi da garin ƙarfe a maƙale a cikinsa. In ka fara murza hannayen injin a haka, kana goge hanyoyin gadon ne da yashi. Ka samu kananzir, tsumma da tsohon buroshin haƙori, ka wanke gado, silaid-silaid, lid-sukuru da cikin cok tas. Kada ka yi amfani da fetur. Tartsatsi ɗaya ya isa. Haƙoran cok suna da lamba 1, 2, 3, kuma kowanne da raminsa. In ka cire su, ka mayar da su bi da bi a kan lambarsu, in ba haka ba ba za su haɗu a tsakiya ba.

Bayan wanki sai mai. Man hanyar gado mai lamba ISO 68 shi ne daidai. In bai samu ba, sabon man inji mara kauri zai riƙe ka na ɗan lokaci. Baƙin man da aka juye daga mota kam, ko kusa. Giris kuma kada ya hau hanyoyin gado, don yana kama ɓarɓashin ƙarfe ya riƙe.

Sannan wurin zama. Tebur mai ƙarfi wanda ba ya rawa, a ɗaure injin a kansa da noti. Akwai masu barin sa a kan 'yan ƙafafun robar da ya zo da su. Zai yi aiki, amma zai riƙa girgiza, girgizar kuma za ta fito a fuskar aikin. Wajen ɗaurewa a kula: in saman teburin ba shimfiɗaɗɗe ba ne, ka ƙulle notin da ƙarfi, gadon zai ɗan murɗe. Ido ba zai gani ba, amma duk sandar da ka sassaƙa za ta fito gefe ɗaya ya fi ɗaya kauri. Za mu zo kan yadda ake gwada wannan.

Maganar wuta

Kafin ka soka fulogi, karanta ɗan allon da ke jikin injin. Wutarmu a Najeriya bolt 230 ce. Irin wannan inji akwai wanda aka yi don kasuwar Amurka mai bolt 110 zuwa 120, kuma a ido kamarsu ɗaya. In ka soka na 110 a soket ɗinmu, allon sarrafa gudu zai ƙone nan take. Wannan allo shi ne lagon ƙaramin lez, ba ya jure hawa da saukar wuta. Saboda haka a haɗa da sitabilaiza mai ɗaukar fiye da ƙarfin motar, kuma a tabbata wayar as tana haɗe, tunda jikin injin duk ƙarfe ne. In da janareta za ku yi aiki, a bar shi ya daidaita tukuna kafin a kunna lez.

Ga wata ɗabi'a da ya kamata ta zama jiki: duk sanda aka ɗauke wuta kana tsakiyar yanka, ka fara janye wuƙa baya, ka mayar da maɓallin gudu sifili, ka kashe injin. Kada ka tafi ka bar shi a kunne wuƙa na cikin ƙarfe kana jiran a kawo wuta.

Kunnawa ta farko

Cok babu komai a ciki, haƙoransa a rufe, makullinsa a hannunka. Ka tabbata kareji ya yi nesa da cok, kuma ba a haɗa shi da lid-sukuru ba. Juya cok da hannu sau biyu uku, ka ji ko akwai inda yake cijewa. Sannan ka kunna a mafi ƙarancin gudu. Bar shi ya yi kamar minti goma, ka ƙara gudu kaɗan, ka sake bari, a haka har ka kai sama. Ka gwada juyin baya ma. Kana yi kana saurare, kana taɓa jikin hedistok. Ɗumi ba laifi, amma in ya yi zafin da hannu ba zai zauna ba, tsaya ka duba boris.

A bayan hedistok na yawancin irin wannan inji akwai liba mai canza gudu tsakanin ƙarami da babba: ƙaramin yana kaiwa wajen juyi 1,100 a minti, babban wajen 2,500. Kada ka taɓa wannan liba injin yana tafiya. Giyoyin da ke ciki na roba ne a yawancinsu, haƙoransu za su zube, kuma canza su sai an kwance kan injin gaba ɗaya.

Sai ka kama kowane silaid ka girgiza shi da hannu. In yana motsi gefe da gefe, akwai ƙananan sukurori a jere a gefensa masu matse wani siririn ƙarfe da ake kira gib. Ka matse su kaɗan-kaɗan har rawar ta ɓace amma hannun yana juyawa ba da kokawa ba, sannan ka ƙulle notinsu. Rabin ƙorafin da ake yi cewa ƙaramin lez "ba ya yanka da kyau" daga nan yake.

Dokokin da ba a yi musu ragi

Wasu suna raina ƙaramin lez saboda motarsa ba ta wuce wat 500 ko kusa da haka ba. To, a juyi 600 a minti, cok yana zagayawa sau goma a daƙiƙa ɗaya. Kafin ƙwaƙwalwarka ta aika wa hannu saƙo, ya riga ya naɗe abin da ya kama. A watan Afrilu na 2011, wata ɗaliba 'yar ajin ƙarshe a Jami'ar Yale ta Amurka ta rasa ranta bayan lez ya kama gashinta, tana aikin furojet da dare a wokshop. Ɗaliba ce mai ƙwazo a babbar jami'a, saura 'yan makonni ta gama. Injin bai san wannan ba.

Don haka:

Ba a aikin lez da babbar riga, jallabiya ko riga mai sakakken hannu. A sa obarol ko ƙaramar riga, a naɗe hannu zuwa saman gwiwar hannu. 'Yan'uwa mata, mayafi da dogon hijabi su ne haɗari mafi girma a gaban wannan inji. Ki ɗaure gashi, ki sa ƙaramin hijabi mai kama kai, ki cusa ƙasansa cikin obarol ki ja zif har wuya, yadda ko kin sunkuya babu abin da zai yi lilo.

Zobe, agogo, awarwaro da igiyar katin shaida da muke ratayawa a wuya, duk a cire.

Ba a sa safar hannu. Wannan yana ba sababbi mamaki, tunda a walda ana sawa. A lez, safar ce ke kamawa ta ja hannun gaba ɗaya.

Tabarau na kariya dole ne, tun kafin a kunna. Takalmi rufaffe, ba silifa ba.

Makullin cok ba ya zama a jikin cok ko na daƙiƙa ɗaya in hannunka ba ya kansa. In aka kunna da shi a ciki, ko ya tashi ya same ka a fuska, ko ya daki gado.

Sassaƙen ƙarfe kaifi gare shi kamar reza, ga zafi. A kashe inji a share da buroshi. Ba a ja da yatsa, ba a hurawa da baki, ba a kai tsumma kusa da abin da ke juyawa.

Kada ka yi aiki kai kaɗai a rufaffen wuri, kuma wanda ke tare da kai ya san inda jan maɓallin tsayarwa yake.

Wuƙa da tsayinta

Wuƙa iri biyu za ka gani a kasuwa. Akwai ta ƙarfen HSS wadda kai ne za ka wasa ta a dutsen garanda, akwai kuma mai ɗan bakin kabaid da ake ɗaurawa da sukuru. Kabaid yana son gudu da inji mai nauyi, kuma bakinsa yana ɓarewa in aka yi masa ba daidai ba. Ga mai koyo a ƙaramin lez, HSS mai kaurin milimita 8 ta fi rufin asiri: ga araha, ga kaifi, in ta dakushe a sake wasawa. A ba ta kusurwar kaucewa ta digiri 8 zuwa 10 a gaba da gefe don kada jikinta ya goga aikin, a ɗan zaftare samanta digiri 10 zuwa 15 in ƙarfe za a yanka, a kuma ɗan zagaye tsininta da dutsen mai. In tagulla ce, a bar saman a shimfiɗe, don wuƙa mai zaftararren sama tana nutsewa cikin tagulla ta fizge.

Tsinin wuƙa dole ya zo daidai da tsakiyar aikin. Ga gwaji mai sauƙi: inji a kashe, ka sa siririyar rula ta ƙarfe tsakanin tsinin wuƙa da jikin sandar, ka matso a hankali har ta tsaya. In rular ta miƙe sak, ka dace. In samanta ya karkata ya yi nesa da kai, wuƙa ta yi sama. In ya karkato wajenka, ta yi ƙasa, sai a ƙara mata 'yan fallayen ƙarfe a ƙarƙashi. Gwangwanin lemo da aka yanka yana wannan aiki. Kuma kada wuƙar ta leƙo da yawa daga mariƙinta, iya abin da aiki ke buƙata kawai.

Lissafin gudu

Wannan mun yi shi a aji, ga inda yake amfani:

N = (1000 × V) ÷ (π × D)

N shi ne juyi a minti, V gudun yanka da mita a minti, D kuma kaurin sanda da milimita. Da wuƙar HSS, ka ɗauki V kamar 30 ga ƙarfe mai taushi, 20 ga ƙarfen zubi, 60 ga tagulla, 90 ga alminiyam.

Misali, sandar ƙarfe mai kaurin milimita 20: 30,000 a raba da 62.8, ya ba da kusan juyi 480. In kaurinta 50 ne, juyi 190 kacal. Alminiyam mai kaurin 20 kuwa zai ɗauki wajen 1,400. Ka ga ke nan aiki yana ƙara kauri, gudu yana raguwa. Waɗannan lambobi mafari ne. Mai koyo ya fara ƙasa da su. In sassaƙen ya fara fitowa shuɗi da wuƙar HSS, gudu ya yi yawa, bakin wuƙa na gab da mutuwa. In injin ya fara kuka yana barin zane-zane a jikin aikin, rage gudu, ka duba gib da yadda wuƙa ko sandar ta leƙo.

Wane ƙarfe za a fara da shi?

Ɗalibi ba shi da kuɗin sabon ƙarfe, dole a leƙa wajen 'yan gwangwan, ko Panteka ga na Kaduna, ko Ƙofar Ruwa ga na Kano. Ka tafi da magagari a aljihu. Duk guntun da ka ɗauka, ka goga masa: in magagarin ya ci, wuƙarka ma za ta ci, in ya zame yana ƙara kamar a kan gilashi, ƙarfen an ƙarfafa shi, ajiye. Rodin gini ba abin koyo ba ne, ga ƙusoshi a jikinsa masu dukan wuƙa, ga shi ba ya fita da kyau. Ka nemi alminiyam, tagulla ko sandar roba mai tauri ka fara da su.

Aikin farko

Za mu yi ɗan fin mai hawa biyu daga sandar alminiyam mai kaurin milimita 20. Doka ita ce, abin da ya leƙo daga cok ba tare da tallafin telistok ba kada ya wuce kaurinsa sau uku. Sau uku na 20 shi ne 60, don haka mu fito da 45.

Na ɗaya, gyaran fuska. Ka kawo wuƙa ta ɗan taɓa ƙarshen sandar, ka ci kamar milimita 0.2, ka tura kuros-silaid daga waje zuwa tsakiya a hankali. In ɗan tsiro ya rage a tsakiya, tsayin wuƙa bai daidaita ba, koma ka gyara.

Na biyu, rage kauri daga 20 zuwa 16 a tsawon milimita 30. A nan ne ake yawan ɓata aiki. Wuƙa in ta shiga milimita 1, kauri yana raguwa da 2, domin tana ci ta ko'ina a zagaye. Ke nan milimita 2 kawai za mu shiga. Wasu injina lambobin hannunsu suna nuna shigar wuƙa, wasu suna nuna raguwar kauri. Ka yi ɗan yanka ka auna don ka san naka. Ka shiga 0.5 sau uku, kauri ya dawo 17. Kashe inji, auna. Shiga 0.4, ya zama 16.2. Bari ya huce, domin alminiyam mai kaurin 20 in ya ƙara zafi da digiri 40 yana kumbura da kusan 0.02. Sake aunawa, sannan ka ci 0.1 na ƙarshe da tafiya a hankali, da ɗigon kananzir a bakin wuƙa don fuska ta yi sheƙi.

Ka lura da lakon hannu: in ka juya hannun silaid gaba sannan ka dawo da shi baya, akwai ɗan fili da yake juyawa wuƙa ba ta motsa ba. Kowane lez yana da shi. Maganinsa, kullum ka iso lambarka ta hanya ɗaya. In ka zarce, koma baya rabin zagaye ka sake tahowa.

Na uku, ka rage milimita 15 na ƙarshe zuwa kauri 12, da irin wannan lissafi. Na huɗu, ka kashe kaifin gefuna da ɗan yankan digiri 45. Duk wannan a yi shi ba tare da an kwance sandar ba, don cok mai haƙora uku ba ya mayar da aiki daidai inda yake. Na biyar, kashe inji, cire sandar, ɗaure ta a bais ka yanke da zarto. Wuƙar yankewa a kan lez sai hannu ya faɗa, ita ce ta fi karya giyar ƙananan injina.

Gwajin murɗewar gado

Yanzu da ka iya yanka, ɗaura sandar alminiyam mai kaurin 25, ta leƙo kamar 100 ba telistok. Wannan ya wuce dokar sau uku, shi ya sa yankan zai zama ɗan shafa kawai, kamar 0.05, da wuƙa mai kaifi. Auna kusa da cok da kuma ƙarshe da maikuromita. In ƙarshen ya fi kauri, sa siririn falle ƙarƙashin ƙafar gaba ta ɓangaren telistok. In ya fi siranta, a ƙafar baya. Sake yanka, sake aunawa, har bambancin ya sauko zuwa 0.02 ko ƙasa.

Bayan an tashi

Kowace rana a share, a goge, a shafa mai, a rufe. Lokacin hunturu ƙura tana haɗuwa da man gado ta zama kamar garin wasa wuƙa, don haka a goge tsohon mai kafin a fara aiki, a sa sabo. Da damina kuma tsatsa ce abokiyar gaba, dare ɗaya ya ishe ta. In mutum huɗu ko biyar ne kuka haɗa kuɗi, ku rataye littafi kusa da injin: wa ya yi aiki, wane ƙarfe, gudu nawa, me ya lura da shi. Yana kashe gardamar "wa ya lalata", kuma bayan wata uku za ku ga ya zama littafin koyarwarku.

Ka yi fin ɗin nan sau biyar, har sai biyar ɗin sun fito awo ɗaya. Ka kai wa malamin wokshop ya auna da nasa maikuromita, ka ji abin da zai ce. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya iya fitar da 16.00 yau, gobe da jibi, shi ake kawo wa bushin da shaf na injin markaɗe da famfon ban-ruwa a biya shi. A fitowa ta gaba za mu ɗauki huda rami da telistok da kuma yadda ake jera giya don yanka zare.